Tsohon Injin Ban Ruwa: Kada A Yi Cinikin Biri A Sama



A yau shafinmu na lafiya da noma zai yi magana a kan injin ban ruwa. Ba sabo ba, tsoho, wanda wani ya yi aiki da shi kafin ya sa shi a kasuwa. Da yawa daga cikinmu irinsa muke saye, domin kuɗin sabo mai kyau ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Sayen tsoho ba abin kunya ba ne. Abin da ke kawo hasara shi ne sayen tsoho da ka.

Ra'ayina a kan wannan al'amari guda ne. Kada kowa ya biya kuɗin tsohon inji a rumfar kasuwa. A bakin rijiya ake sayen injin ban ruwa, bayan an ga ruwan da ya jawo da man da ya sha. Wanda ya hana ka gwada injinsa ya riga ya gaya maka halin injin.

YADDA INJI YA ZAMA JIGON GARKA

Dattawanmu da guga da ƙwarya suka yi ban ruwa. Mutum yakan wuni yana ja, amma fangalin da zai shayar ba su da yawa. A shekarun 1990 aikin raya Kwarin Tarka, wanda ke da mazauni a Madawa, ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da injunan ban ruwa ta hanyar bashi. A gundumar Keita kuwa, babban aikin gyaran ƙasa da aka fara a 1984 ya tare ruwan sama da gine-ginen duwatsu da madatsai. Tun daga nan garake suka faɗaɗa. Albasar Karofane da Madawa da Galmi da Tamaske tana tafiya har Gana da Kodebuwa.

Amma faɗin garka ya zo da nasa nauyi. Wanda ya dasa abin da inji ne kaɗai zai iya shayarwa ba zai koma ga guga ba in injin ya tsaya. Saiwar albasa ba ta nisa cikin ƙasa. Ba ta jure ƙishirwa, musamman lokacin da take ɗaure kai. Daga dashe zuwa cira takan yi wajen wata 4 tana neman ruwa. In inji ya mutu mako guda a tsakiyar wannan lokaci, ba kuɗin inji kaɗai ya tafi ba. Iri ya tafi, taki ya tafi, wahalar iyali ta tafi. Mai bashi kuwa yana nan yana jiran ranar cira.

Kayan ƙarfe daga waje suke zuwa, kuma kuɗinsu ba ya hannunmu. Manya suna tuna watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan gyara suka tashi. Matasa kuma sun ga abin da ya faru a 2023. A ƙarshen watan Mayu Najeriya ta janye tallafin man fetur, man da ke shigowa ta Illela da Birnin Ƙonni ya yi tsada. Bayan watan Yuli kuma aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a 2024. Wannan ya koya mana cewa injin da ke shan mai da yawa, ko wanda kayansa ke da wuyar samu, kaya ne a wuyan mai shi.

FENTI DA SUNA BA SU JAN RUWA

Mai sayar da tsohon inji yakan wanke shi, ya shafa masa jan fenti, ya manna masa takarda mai suna. Duk wannan kyan ɗan maciji ne. Takardar suna ana sayar da ita a kasuwa. Injuna da yawa an ƙera su da siffar Honda, launi ɗaya, tanki ɗaya, amma ba Honda ba ne. Ba duka ne marasa kyau ba. Laifin shi ne a sayar maka da kwaikwayo a kan kuɗin na asali.

Mai karatu yana da makami a nan. Injin asali yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, ba a kan takarda ba. Share ƙura ka karanta ta. In ka ga an goge lambar da gangan, ka ja da baya. Mai yiwuwa injin sata ne, kuma ranar da mai shi ya gan shi a garkarka, kai ne za ka amsa kira a gaban hukuma.

Ga wata magana kuma. Manomanmu sun daɗe suna yabon injin Robin, kuma ya cancanci yabo. Amma kamfanin Japan da ke ƙera shi ya daina yin irin waɗannan ƙananan injuna a 2017. Saboda haka wanda zai sayi tsohon Robin ya fara tambayar bakanike ko ana samun kayansa masu kyau a kusa. Injin ƙwarai shi ne wanda in ya lalace da safe za a samu kayansa a Madawa ko Buza kafin la'asar. Wanda sai an aika Sakkwato ko Maraɗi, albasa ba za ta jira shi ba.

TAMBAYA KAFIN TAYI

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Tambayi mai inji dalilin sayarwa. Akwai dalilai na gaskiya. Wani ya sayi mai aiki da hasken rana. Wani zai aurar da ɗiya. Wani ya bar noman rani. Akwai kuma wanda inji ya gajiyar da shi, yana neman wanda zai ɗauke masa wahala.

Shi ya sa injin maƙwabci ya fi na baƙo. Na maƙwabci ka san rani nawa ya yi. Ka ji ƙararsa kowace safiya. Ka san ko mai shi yana sake masa baƙin mai a kan lokaci, ko kuwa yana ba da shi haya daga garka zuwa garka. Tambayi kuma bakaniken da ke gyara shi: sau nawa aka buɗe cikinsa, me aka sake? In za ka je ganin inji, tafi da bakanikenka, ka biya shi ladarsa. Kada ka dogara ga bakaniken mai sayarwa, ko dillalin da ke jiran la'ada.

GWAJI SHIDA A BAKIN RIJIYA

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga abubuwa 6 da kowa zai iya yi, ko bai taɓa riƙe sifana ba.

1. Tashi da sanyi. Je ka da sassafe. Kai hannu kusa da salansa ka ji. In da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka zo, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Lafiyayyen inji yana tashi da sanyi a ja na farko zuwa na uku.

2. Nauyin igiya. Kafin a tayar, ja igiya a hankali. Ya kamata ka ji ta yi nauyi a wani wuri, kamar tana turjewa. In ta biyo ka sakayau ba turjiya, cikin injin ya cinye, ƙarfinsa ya ragu.

3. Baƙin mai. Buɗe murfi ka ɗebo kaɗan, ka murza a yatsa. In ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga ƙyallin ƙarfe, inji yana cin kansa. In man ya yi fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga. In ya yi kauri ƙwarai, wataƙila an zuba shi ne don a rufe ƙarar ƙarfe. Sabon mai ma ba shaida ba ne, sai ka sake dubawa bayan aiki.

4. Buji, wanda wasu ke kira fulogi. A kwance shi a duba bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙi mai busasshen toka yana nuna inji yana shan fetur fiye da kima. Baƙi mai jiƙe da maiƙo yana nuna baƙin mai yana hawa inda bai kamata ba.

5. Hayaƙi. Ɗan hayaƙi a farkon tashi ba komai. Amma in inji ya yi zafi yana ta fitar da shuɗin hayaƙi, yana ƙona baƙin mai ke nan, kuma gyaransa sai an buɗe ciki. Baƙin hayaƙi sau da yawa daga ƙazantar matatar iska ne ko kafireta, gyaransa ya fi sauƙi. Duba matatar iskar da kyau. In babu ita, ko ta yage, injin ya daɗe yana haɗiyar ƙurar hunturu, kuma ƙura tana cin ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi.

6. Ruwa. Wannan shi ne babban gwaji. A cika cikin famfon da ruwa, a ɗaura tiyo, a tayar. Duba tsakanin famfo da inji. In ruwa yana ɗiga a nan, zoben da ke tare ruwa ya lalace, kuma yawanci aiki ba ruwa ne ke ƙona shi. Sannan ka bar inji ya yi aiki awa guda cur. Yawancin cututtukan inji ba sa fitowa a minti 5. Saurari ƙararsa. Kada ta riƙa hawa da sauka, kada kuma ka ji bugun ƙarfe.

AWO YA FI JIN DAƊIN IDO

Ido yana ruɗi, amma ganga ba ta ƙarya. Kawo ganga mai cin lita 200 da agogo, ko na wayar hannu. Kamfanin Honda ya nuna cewa sabon famfonsa mai bakin inci 2 yana iya ba da wajen lita 600 a minti, mai inci 3 kuma wajen lita 1,100. Wannan in ruwa yana kusa ne ƙwarai. A garka ba za a samu haka ba, domin zurfi da tsawon tiyo da ƙarfin rijiya duk suna rage ruwa. Saboda haka ga dabara. Aro injin maƙwabci mai lafiya, mai girma ɗaya da wanda kake so. Gwada su a rijiya ɗaya da tiyo ɗaya. Rubuta lokacin da kowanne ya cika ganga. In tsohon ya ninka lokacin mai lafiya, farfelar cikin famfonsa ta cinye da yashi.

Haka za ka yi da mai. Zuba lita 1 a tankin da ba kome, ka rubuta minti nawa ta yi. Yi haka ga injin maƙwabci.

Ga lissafi, ɗalibai su gwada a kan allo. Mu ɗauka wani inji yana shan rabin lita fiye da ɗan uwansa a kowace awa. Mu ɗauka kana ban ruwa awa 4 a rana. Lita 2 ke nan kullum. A kwana 100, lita 200 ke nan, ganga guda cur. Ninka wannan da kuɗin lita a garinku. Sannan ka kwatanta da jikkunan da aka rage maka ranar ciniki. Za ka ga abin da ya sa aka ce araha ba ta ado.

Sai a kiyaye abu guda, don kada a zalunci inji. Irin wannan famfo ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, kome sabuntarsa, kome ƙarfinsa. Haka Allah ya tsara nauyin iska. Auna zurfin ruwan rijiyarka da igiya kafin ka nemi inji. In ruwan ya wuce wannan zurfi, kada wani ya ruɗe ka da cewa babban inji zai jawo shi.

LAFIYAR MAI GARKA

Wannan zance na zurfi shi ya kawo mu ga lafiya. In ruwa ya ja baya a ƙarshen rani, wasu sukan sauke inji cikin rijiya ko cikin rami don ya kusanci ruwa. A nan haɗari yake. Cikin hayaƙin inji akwai wata guba da ba ta da launi, ba ta da wari. Tsohon inji mai ciwo ya fi fitar da ita. A fili iska tana kwashe ta. A rami kuwa taruwa take yi. Farkonta ciwon kai da jiri da kasala, ƙarshenta suma da mutuwa.

Kada kowa ya shiga rijiya ko rami mai zurfi inji yana aiki, ko an kashe shi ba da daɗewa ba. In wani ya faɗi a ciki, kada ka bi shi da gaggawa, domin abin da ya kayar da shi zai kayar da kai. A yi kururuwa a tara jama'a. A nemi hanyar kashe inji daga sama. Wanda zai sauka a ɗaura masa igiya, mutane suna riƙe. In an fito da marar lafiya a kwantar da shi a fili, a kai shi likita nan da nan.

Kada a zuƙo fetur da baki. Kada a ajiye shi a kwalbar lemo inda yara ke wasa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin man zai shiga huhu. A kai shi likita. Tsohon baƙin mai kuma ba maganin miki ba ne, ba a kuma zubar da shi kusa da rijiya. Wanda ya sayi injin da aka mayar mai aiki da gas, ya shafa ruwan sabulu a tiyon gas da mahaɗinsa. In kumfa ya tashi, gas yana fita. Ba a neman yoyon gas da ashana.

AMSA GA MASU WATA MAGANA

Wani zai ce sayen tsohon inji sa'a ce, abin da Allah ya rubuta shi za a gani. Gaskiya ne, kome na Allah ne. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya sayi sa bai duba haƙoransa ba, bai sa an kora shi ya ga tafiyarsa ba. Me ya sa za a duba sa, a ƙi duba inji?

Wani zai ce gara sabon inji mai araha da tsohon da ba a san cikinsa ba. Wannan magana tana da ƙarfi. In ba za ka samu damar gwaji ba, ni ma na ce ka sayi sabo daidai ƙarfinka, a wurin ɗan kasuwar da ka sani. Amma in ka samu tsohon na asali, ka san mai shi, ya kuma ci gwaji, to da tsohuwar zuma ake magani.

Wani kuma zai ce zamanin fetur ya wuce, a koma ga hasken rana. Lalle famfon hasken rana ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, kuma akwai irin da ake zurawa cikin ruwa mai zurfi. Amma kuɗin farko yana da nauyi, kuma ƙarfinsa yana raguwa ranar hazo. Wannan hanya ta fi dacewa da ƙungiya. Matanmu sun nuna misali da asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar mutum 20. Kafin a kai can, injin da ke hannu shi za a zaɓa da hankali.

Ƴan uwanmu da ke zuwa cin rani bakin Kwara, a Gaya ko Yamai ko Yawuri, su ma wannan doka ta shafe su in za su sayi tsohon injin jirgin ruwa. A cikin ruwa ake gwada shi, da kaya a jirgi. A duba ɗan ruwan da yake tsartarwa ta baya, domin shi ne shaidar yana sanyaya kansa. A duba man da ke ƙasa kusa da farfela, in ya yi fari ruwa ya shiga. Injin garka in ya mutu dukiya ce ta tafi. Na jirgi in ya mutu a tsakiyar kogi, rayuka ne.

LOKACIN SAYE DA TAKARDAR CINIKI

Yawancinmu sai an yi dashe muke neman inji. A lokacin kowa yana nema, kuɗi ya hau, kuma mai gaggawa ba ya gwaji. Shawarata ita ce a saya a ƙarshen rani, bayan cirar albasa. A lokacin akwai kuɗi a hannu. Ruwa ya ja baya, rana ta yi zafi. Injin da ya yi aiki da kyau a watan Afrilu ba zai ba ka kunya a watan Disamba ba. In ka saya, zubar da ruwan cikin famfo, juye fetur, sake baƙin mai, ka rufe shi a inuwa har damina ta wuce. In aiki ya kama, a riƙa duba baƙin mai kowace safiya, a sake shi aƙalla bayan kowace awa 100 ta aiki. Kada kuma ka kashe duk kuɗinka a kan saye. Rage wani abu don tiyo da buji da gyaran farko.

In ciniki ya faɗa, a rubuta. Addininmu ya hana ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu. To, ɗauki takarda. Rubuta ranar ciniki, da sunan mai sayarwa, da naka, da lambar inji, da kuɗin da aka biya, da abin da ya rage. Rubuta kwanakin gwajin da kuka yarda, ko 3 ne ko 7. Shaidu 2 su sa hannu. Kowa ya riƙe tasa.

Ina kira ga malaman cibiyoyinmu na yaƙi da jahilci su mayar da wannan darasin mako. Ɗalibai su koyi karanta lambar inji, da lissafin mai, da rubuta takardar ciniki. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin manoma su ajiye ganga da igiyar awo don amfanin kowa. Ina kuma kira ga masu sayarwa su ji tsoron Allah su faɗi gaskiyar kayansu, domin wanda ka cuta yau, da shi za ka haɗu a masallaci gobe.

Kai kuma mai karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan shafi. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa albarka a garakenmu. Amin.